Kakin Bakin Dijiridu

Yamusa na ɗaure mazugin wandonsa sai ga Leonard ya leƙo, yana ƙamshin turare kamar ango.

"Baba, kawo icen in wuce maka da shi. Kai da ciwon baya, ka biyo ni a hankali."

To, icen nan sai an yi bayani. Sunansa dijiridu. Tsawonsa ya kai kafaɗar mutum, kuma gara ce ta rarake cikinsa tun yana tsaye a daji. Abin busar baƙaƙen Ostareliya ne, 'yan asalin can. Wani tsohonsu ma'aikacin jirgin ruwa ya taɓa kwanciya jinya a Legas, Yamusa na dako a tashar, shi ya riƙa kai masa koko. Tsohon ya koya masa yadda ake zuƙar iska ta hanci alhali kumatu na tura wata ta baki, don kada sautin ya yanke. Da zai koma ya bar masa icen. Da shi Yamusa ya ci abinci a otal-otal har gemu ya yi fari.

Da gwamnati ta tattara komatsanta ta dawo Abuja, masu jin busar suka biyo ta, shi ma ya biyo su. Wai ya dawo gida. Gidan ina? An baje ƙauyensu don gina birnin, an shimfiɗa kwalta a kan kabarin uwarsa. A bayan shagon wani kafinta yake kwana. Sai ga Madam Sandra ta buɗe makaranta a Garki don 'ya'yan manyan da suka taso daga Legas, tana neman malamin kiɗa, za ta kuma ba shi ɗaki mai makulli da famfo. Yau iyaye za su taru. In busar ta yi musu, ɗakin ya zama nasa.

Amma akwai wani sirri. Haƙoran gaban Yamusa sun daɗe da yi masa sallama. Bakin dijiridu kuwa da kakin zuma ake naɗe shi, don haka ya yi ta ƙara kaki a gefen hagu, yana dannawa, har ya toshe giɓin daidai leɓensa. Ba wanda ya sani sai Leonard, masinjan wata ma'aikata, wanda yake koya wa busa tun Legas ba ko sisi, yana ce masa "ɗana".

Ko da Yamusa ya isa makarantar, rumfa ta cika. Mata sun ci gwaggwaro, yara na tsotsar alawa.

"Baba, ka yi latti!" in ji Madam. "Oya, zauna, iyaye na jira."

Ya zauna, Leonard ya miƙo masa icen da hannu biyu har da rusunawa. Yana kafa baki ya ji kakin da ɗumi, sumul, siriri, kamar bakin wani. Ya daure ya busa. Allah na tuba, abin da ya fito irin wanda akuya ke saki ne in ta ƙoshi da ƙowar wake. Yara suka kwashe da dariya. Ya sake. Wannan karon har da yawu.

"Madam," in ji Oga Nicholas, wani uba mai tumbi a layin gaba, "wannan za a koya wa yaranmu? Ai direbana na yi mini irinsa a mota, kuma ba a tafa masa."

Har Madam sai da ta ɓoye fuska a mafici.

Yamusa ya juyo da bakin icen. Ga shatin babban yatsa nan raɗau a kan kakin. A ƙarƙashin teburin shayi kuma ga kofin ruwan zafi, wani abu rawaya na yawo a samansa.

"Ɗana, wa ya taɓa mini kaki?"

"Rana ce, Baba. Ranar Abuja ba ta da kunya." Ya sunkuyo, murya ƙasa-ƙasa. "Kawo in rufa maka asiri."

Kafin tsoho ya ce uffan, ice ya bar hannunsa. Leonard ya kafa baki, kakin ya zauna masa cif. Wani gurnani ya taso kamar daga cikin rijiya, cokula suka ɗau rawa a faranti, yara suka manta da alawa. Da ya tsaya aka yi ta tafi.

"A ina ka koyi wannan?" in ji matar Oga Nicholas.

"A Ostareliya, Ma. Wajen masu abin."

"Wannan tsohon fa?"

"Shi ke riƙe mini kaya. Yana son ya gwada, na ji tausayinsa."

"Icena ne," in ji Yamusa. Ta giɓin nan maganar ta fito da fito, aka ƙara wata dariyar.

"Baba, in an tashi ka zo mu yi magana," in ji Madam, tana saka wa Leonard makulli a aljihun riga. Kun san dai irin wannan "ka zo". Ta ɗaga wa maigadi gira, shi kuma ya kama tsoho a gwiwar hannu.

Suna kaiwa ƙofa aka nemi ƙari, busa ta sake tashi. Yamusa ya ja ya tsaya. An zo wurin da busar ke kwaikwayon haushin kare, inda kullum numfashin Leonard ke tsinkewa, inda ya sha dungure masa kai. Bai san lokacin da kumatunsa suka kumbura ba, hancinsa ya zuƙi iska, daidai inda ya kamata.

Leonard ya wuce wurin lafiya lau.

"Baba, kuka kake ko dariya?" in ji maigadi, hannunsa a kan sakata.

Yamusa ya saki iskar a hankali.

"Ya iya," ya ce. "Ɗan banzan ya iya."