Famfon Baba Dikko Ya Sha Fenti

A shekarar 1979 kuɗin man fetur sun sa duk wanda ke da tebur a ofis ya koma masanin inji. Ni kuwa, Gidaɗo Namadi, ina koyar da aikin ƙarfe a wata makarantar koyon sana'a a Tambuwal. Kullum zan tafi aiki sai na bi ta bayan wani sito inda aka jibge injunan ban-ruwa na dizal guda goma sha ɗaya. Dukansu daga ƙasar waje aka kawo su, dukansu sun mutu kafin su shekara, kuma abin da ya kashe yawancinsu bai fi girman ƙwayar goro ba, amma ba ka samun mai sayar da shi. Awaki ne ke hutawa a inuwarsu.

Haushin wannan ya sa na zauna na ƙera famfon da ba ya shan mai. Ba wani abin mamaki ba ne. Wilin tsohuwar mota ne a bakin rijiya, da igiya mai zagayawa wadda aka jera wa faya-fayan roba, da bututu ɗaya. Kana juya hannun wilin, igiyar ta shiga bututun daga ƙasa, robobin su turo ruwa sama. Na yi shekara biyu ina gwadawa ina rushewa a bayan aji, har abokan aikina suka sa mini suna Malam Guga.

Da ya tsaya da ƙafarsa sai na kai shi Fakku, lambun wani dattijo mai noman albasa, Baba Dikko, wanda ya shekara arba'in yana jan ruwa da jigo har kafaɗarsa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ni da Dogo, maƙerin garin, muka kafa shi. Baba Dikko ya zagaya shi sau uku yana taɓe baki.

"Malam, wanga abu naka in ya mutu, wa ka gyara shi?"

"Kai, Baba. Shi na dalilin da yas sa nik kawo shi nan."

Haka kuwa aka yi. Rani guda cur famfon nan yana hannunsa. Igiyar ta tsinke sau bakwai, sau bakwai ya ɗaure ta da irin ƙullin da yake yi wa jakinsa. Robobin suka cinye, ya yanko wasu daga tsofaffin takalman taya. Inda wilin ke kuka ya shafa masa man gyaɗa ya yi shiru. Hannun ƙarfen ya goge da tafin hannu har yana sheƙi. Duk Asabar nakan hau babur in je in auna ruwan da yake fitarwa, in rubuta abin da ya lalace da yadda aka gyara. Duk ƙullin da na gani a igiyar nan daɗi yake mini, don shi ne shaidar cewa manomi ya iya da abin ba tare da ni ba.

Cikin watan Afrilu takarda ta zo. Wata ƙungiyar raya karkara ta ƙasashen waje ta ji labarin famfon, za ta turo injiniyanta ya gani. Idan ya gamsu cewa ya yi aikin rani guda a hannun manomi, za su ɗauki nauyin ƙera guda ɗari biyu a makarantarmu, ɗalibaina su koyi aikin da hannunsu, a raba daga Sanyinna har Kebbe. Idan bai gamsu ba, za a ƙaro injunan dizal. Zuwa ɗaya zai yi, ranar Alhamis.

Ranar Asabar na je na shaida wa Baba Dikko cewa manyan baƙi na tafe, kuma in famfon ya burge su za a raba wa manoma irinsa. Na faɗa masa rana, na faɗa masa lokaci, na hau babur ɗina na dawo ina murna. Ni da aka haifa a ƙasar nan, ni da na san ko surukinka zai zo sai an share tsakar gida an ɓoye tsohuwar tabarma, ban ce masa kada a taɓa komai ba. Har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Alhamis da hantsi muka isa a Landiroba. Injiniyan wani dattijon Bature ne mai ƙarancin magana, da ɗan littafi a aljihun riga. Tare da shi akwai Ɗanmaliki, jami'in da aka haɗo shi da shi daga Sakkwato don ya yi tafinta, mutumin da tun a hanya yake ba mu labarin ƙarfin injin dizal kamar shi ya haife shi.

Tun daga nesa na hango wani abu kore shar yana walƙiya a bakin rijiya.

An yi wa famfon fenti tun daga sama har ƙasa, har cikin kwarin wilin da igiya ke bi. An sa sabuwar igiyar leda fara fat, ba ƙulli ko ɗaya. Robobi sababbi, an yanka su daidai wa daida. Hannun nan mai sheƙi babu shi, Dogo ya ƙera wani. Taɓon da ke gindin rijiyar an rufe shi da farin yashi an share. An riga an cire albasa tun makon jiya, saboda haka kowane fangali na lambun a bushe yake. Ga tabarmi an shimfiɗa, ga fura a sabuwar ƙwarya, ga Baba Dikko cikin rigarsa ta Juma'a yana washe baki.

Na ja shi gefe. "Baba, mi kunka yi haka?"

"Gyara munka yi, Malam. Kwana ukku ban bari kowa ya taɓa shi ba, kar fenti shi ɓaci. Da guga muka ɗiban ruwa."

Baturen ya gaisa da kowa, ya kurɓi fura, sannan ya nufi famfon. Ya shafa hannun, ya duba yatsunsa. Ya zura yatsa cikin bakin bututun, ya fito da shi a bushe. Ya tsuguna ya tona yashin da ɗan tsinke, ya miƙe. Sai ya ce a tambayi mai lambu sau nawa abin ya lalace a bana.

Ɗanmaliki ya juya tambayar. Baba Dikko ya dube ni da irin kallon da uba ke yi wa ɗansa ranar saukar karatu.

"Ko sau guda, ranka shi daɗe. Tun ran da anka kafa shi ko tari bai taɓa yi ba."

"Baba!" na ce. "Don girman Allah faɗi gaskiya. Sau bakwai igiyar ga tat tsinke, kai da hannunka kaɗ ɗaure ta."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. "Ku ƙyale Malam, kunya gare shi. Ba shi son a yabe shi gaban mutane. Aikinai ba shi da aibi."

Ɗanmaliki ya fassara wannan duka, har da ƙari, yana jin daɗi. Na buɗe littafina na nuna wa Baturen ranakun da aka yi kowane gyara. Ya karanta shafi biyu cikin ladabi, ya mayar mini. Ya ce ya ga littattafai masu kyau a ƙasashe da yawa, kuma ya ga injuna da yawa da ake fitowa da su daga ɗaki ranar da baƙi za su zo. Ya ce injin da ya yi wata shida bai lalace ba, to bai yi aiki ba ne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa, kuma da ni ne a matsayinsa abin da zan ce ke nan.

Na tambayi Dogo ina tsohon hannun. Ya ce ya riga ya buge shi ya fitar da lauje biyu. Tsofaffin robobin fa? An zuba su a wuta, wai kada baƙi su gani su ce mutanen Fakku ƙazamai ne. Igiyar kuwa tana wuyan jaki. Na ruga da gudu, ni malamin makaranta da takalmi sau-ciki, na kwance jakin mutane, na dawo ina haki da igiya mai ƙulli bakwai tana warin fitsari. Baturen ya dube ta, ya dubi jakin da ya biyo ni. Igiyar jaki ce aka nuna masa.

"To a juya shi mana mu gani," in ji Ɗanmaliki.

Na kama hannun na juya. Wilin ya zagaya, igiyar ta tsaya cik. Sabuwar leda ce mai santsi a kan sabon fenti, ba abin da zai riƙe ta. Na ƙara ƙarfi, ta ɗan motsa, ruwa ya taso kamar cikin moɗa ɗaya ya koma. Famfon da ya shayar da fangali tamanin rani guda, ranar nan ko alwala bai isa a yi da ruwansa ba. Na roƙi a ba ni rabin sa'a in kankare fentin. Ɗanmaliki ya duba agogo ya ce ana jiransu a Kebbe kafin azahar.

Baturen ya rubuta layi biyu a littafinsa. Ya riƙe hannuna ya ce dabarar tana da kyau, in ci gaba da gwaji, wataƙila wata shekara. Na san irin wannan wata shekarar. Suka shiga mota, na ce su tafi, ni zan nemi hanyata.

Na zauna a kan tabarmar baƙi, tafin hannuna duk koren fenti. Raina ya ɓaci har ba na son ganin kowa. Ina cikin haka Baba Dikko ya zo ya zauna kusa da ni, Dogo na biye da shi da buhun albasa a kai, wai tukuicina ne. Dogo ne ya gaya mini tsohon da kansa ya hau mota har Jega neman fentin, don an ce masa na can ya fi haske.

"Malam," in ji Baba Dikko, "mun fid da kai kunya ko?"

Na buɗe baki. Na yi niyyar sauke masa duk zafafan maganganun da na tara. Na dubi rigarsa ta Juma'a, ga ɗigon fenti a hannun rigar bai ma lura ba.

"Kun fid da ni, Baba."

"Alhamdu lillahi." Ya gyara zama, ya nuna lambunan maƙwabtansa da haɓa. "To yaushe za a kawo na su Atu da Na'iya? Jiya sunka tumɓuke jigunansu, kar Bature shi gani shi ce ba mu shirya ba. Itacen ma har mata sun faskare."

Na juya na duba. Bakin rijiyoyin nan biyu ba komai sai ramukan da aka cire gimshiƙai, ga barkonon Na'iya ya fara lanƙwasa kai a rana.