Sisin Gwal ɗin Ummusalma

Ummusalma tana cikin takabar mijinta Datti ranar da ƙaninsa Musaddiq ya shigo gidan a Nasarawa Gwom. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Yaya, sun karɓe sisin gwal ɗinki."

"Su wa?"

"Gwamnati."

Sadakinta ne. Kakan Datti ya same su a hannun wani Bature a Bukuru zamanin haƙar kuza, suka yi ta bin gidan har suka zo wuyanta. Mai takaba ba ta ado, shi ya sa ta cire, ta ba Musaddiq ya kai wa maƙeri ya wanke kafin a adana. Maƙerin bai taɓa ganin irinsu ba, ya yi ta nuna wa duk wanda ya shigo shagonsa. Magana ta kai ofishin kula da kayan tarihi. Aka zo aka ce kayan tarihi ne, irinsu ba su da yawa, in mai su tana da ta cewa ta zo da ƙafarta kafin ƙarshen wata.

"Na tambayi malam," in ji Musaddiq. "Ya ce lalura ce, kina iya fita."

"Malam ne ya zauna da Datti? Ban taɓa fita ba sai da saninsa. Ba yanzu zan fara ba."

Ya roƙa, 'yarta Rahma ta roƙa. Ta ƙi. Wata ya ƙare tana ɗaki.

Da ta fita takaba ta hau acaɓa ta tafi ofishin. Aka nuna mata teburin wata ma'aikaciya, Madam Gertrude.

"Mama, lokaci ya wuce. Kina da rasit?"

"Rasit ɗin sadaki? Shaidu ake yi, 'yata."

"To, ina shaidun?"

"Suna makabarta, kusa da mijina."

"Oga ya riga ya sa hannu, Mama. An kai su Abuja." Gertrude ta jawo durowa, ta ɗauko wani baƙin zare da ya koɗe, wanda aka zare gwal ɗin daga jikinsa. "Wannan dai ba na gwamnati ba ne."

Ummusalma ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya.

Musaddiq ya kawo zancen lauya, ta ce ya bari. Ba ta sake komawa ba. Kullum in ta idar da sallar asuba takan ɗaura zaren a wuya, ta ja mayafi ta rufe, sannan ta je ta hura wuta.