Turaren Neman Maƙwabci

Tun ranar da aka sauya wa Aƙilu wurin aiki daga Maiduguri zuwa Kano ya yanke cewa a Nasarawa GRA za su zauna, domin a cewarsa can ne mutum zai wuni ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Matarsa Raliya kuwa, wannan shirun da yake yabo shi ne abin da ke cin ranta. Cikin fari gare ta, kuma ya tsufa. Da isowarsu Kano likita ya hana ta doguwar tafiya sai ta sauka, ba damar komawa gida haihuwa, mahaifiyarta kuwa ciwon ƙafa ya zaunar da ita a Maiduguri. Shi kuma gogan injiniyan hanya ne, in ya shiga daji sai a kwana biyu ba a ga ƙeyarsa ba. In abu ya taso yana can, wa za ta kira? Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗa masa, shi kuwa, Allah ya bar mana shi, ba ya cikin mazan da ke gane magana in ba a ɓare musu ita ba.

Sai ta ɓullo da tata dabarar. Duk gidan da dillalinsu Tanko ya kai su, maza su shige duba silin da famfo, ita kuwa ta nemi wuri a tsakar gida, ta ciro ɗan kasko daga jaka, ta hura gawayi, ta barbaɗa turaren wuta haɗin mahaifiyarta. Turare ne da in aka sa shi a layinsu na Maiduguri sai mata sun yi ta leƙowa. A tunaninta, hayaƙi zai haye katangar da ita ba za ta iya hayewa ba, in akwai mai rai a maƙwabta zai motsa.

"Wannan kuma na mene ne?" in ji Aƙilu.

"Ina gwada ko gidan yana riƙe ƙamshi ne, Injiniya."

Ya gyaɗa kai kamar ya gane.

A gidan farko kare ne kawai ya amsa, shi ma daga nesa. Na biyu kuwa gida ne na gani na faɗa, ga sola ga rijiyar burtsatse ga bishiyar mangwaro, har Aƙilu ya fara zaɓar inda zai ajiye mota. Raliya ta ƙona turare har gawayi ya zama toka. Mai gadin maƙwabta ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya ja numfashi, ya mayar da kansa ya sa sakata.

"Bai riƙe ba," ta ce.

Tanko ya cire hula ya sosa kai. "Hajiya, na daɗe a sana'ar nan. Na ga mai neman ruwa, na ga mai neman wuta, amma mai neman gida da hanci sai a kanki."

Haka aka yi ta zagaye har Aƙilu ya fara tsaki a ɓoye. Daga ƙarshe Tanko ya kai su wani tsohon gida a bakin unguwar, ta wajen Giginyu, yana ta ba da haƙuri tun a mota. Fenti ya koɗe, kicin ɗin kuwa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fito. Raliya ta hura gawayinta ba tare da ta sa rai ba, don gaskiya zuciyarta ta fara karaya.

Turare bai gama kamawa ba aka turo ƙyaure. Wata dattijuwa ce, ta yafa mayafi a karkace, hannunta duk garin tuwo, sallamar ma a haɗe da faɗa ta yi ta.

"Wane almubazzari ne yake ƙona turare irin wannan a kango? Ɓeraye ake turarawa?"

Tanko ya matso kusa da Aƙilu ya raɗa masa cewa Hajiya Hasiya ce ta gidan kusa, kuma ita ce aibin gidan da bai faɗa ba, don ko tukunya aka ɗora sai ta san me ke ciki.

Hajiya ba ta ko dube su ba. Ta ƙare wa Raliya kallo daga sama har ƙasa, muryarta ta sauka.

"'Yar nan, daga ina?"

"Maiduguri, Hajiya."

"Shi ya sa. To, da wannan nauyin ake yawo da ke gida-gida?" Ta harari Aƙilu. "Babarki tana tafe?"

Raliya ta sunkuyar da kai ta girgiza shi.

"Wa zai miki wankan jego?"

Aƙilu ya dubi matarsa. Sai yanzu ya ga ramin da ya yi ta tsallakewa yana ƙirga famfo, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

Hajiya ta yi tsaki, ta zagaya bayan gida ta dawo. "Akwai wurin dafa ruwa a can. Babbar tukunya ina da ita, darbejiya ga ta nan a ƙofata. Lambata za ki karɓa, ko da yake ba sai kin kira ba, in kika ɗaga murya ina ji, katangar nan ba ta da kauri." Ta juya ga Tanko. "Kai kuma ka ce wa mai gidan ya gyara magudanar nan kafin su tare."

Raliya ta ji wani daɗi ya cika ta har hawaye suka zubo, ta goge da gefen mayafi tana dariya.

Tanko ya yi gyaran murya. "Injiniya, akwai wani a layin baya, sabo fil, ba mai damun ku."

"Bar shi, Malam Tanko," in ji Aƙilu. "Kira mai fenti."