Rufaffiyar Mujalla

Shin mala'ikun rahama suna bambanta hoton mutumin da ya rayu da zanen wanda ba a taɓa haifa ba? Abdulghani ya tambayi malamai biyu a unguwarsu ta Nuzla a Jidda, kowanne ya ba shi amsa daban, shi kuma ba shi da tasa a hantsin da wansa Abdulwahid ya tsaya masa a ƙofar ɗaki da biro a hannu.

"Ɗaya cikin biyu," in ji Abdulwahid. "Ko ka hau da mujallun nan saman rufi, ko ka bar ni in ja wa kowane zane layi a wuya. Halas, magana ta ƙare."

Abdulghani yana zaune a kan akwatin ƙarfe irin na alhazai, wasu akwatunan a jere a bayansa. "Saman rufi? Cikin wannan danshin? Kafin Juma'a sun zama kunu, Yaya."

"To, layi."

"Ba mai ja musu layi."

A ɗakin da ke kusa mahaifiyarsu Hajiya Mastura take kwance. Likita ya ce a mayar da ita gida, abin da ya rage sai addu'a. Jiya Abdulwahid ya iso daga Makka, inda yake koyarwa, kuma tun da ya ajiye jakarsa maganarsa ɗaya ce: mala'ikun rahama ba sa shiga gidan da ke da hotuna, ba zai yarda Inna ta cika a irin wannan gida ba. Layin ma ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Haka malamansu suke yi wa jaki da manomi a littafin karatu tun suna yara, a ratsa wuya da tawada, kai ya rabu da gangar jiki, sai a ce zanen ya daina kama da mai rai.

Abin da ke cikin akwatunan mujallun zane ne na Beirut da Alƙahira, masu ba da labari hoto bayan hoto, magana tana fitowa daga bakin mutane cikin 'yan da'irori. Tun yana saurayi Abdulghani yake tara su daga hannun ma'aikatan jiragen ruwa, yanzu ga furfura ta fara fito masa a gemu. Kashi uku ya yi musu. Akwai waɗanda suka sha hannu, su yake bayarwa haya a 'yar rumfarsa ta Sharafiyya, da sharaɗi ɗaya da kowa ya haddace: ba a lasar yatsa a juya shafi. Akwai masu tsabta, waɗanda yake zare wa wayar ƙarfen tsakiya kafin danshin teku ya sa ta yi tsatsa ta ci takarda, ya ɗinke su da farin zare, ya barbaɗa kanumfari saboda asu. Sai rufaffu, waɗanda suka zo daga maɗaba'a da bakin shafukansu a haɗe, wuƙa ba ta taɓa ratsa su ba. Waɗannan yakan naɗe su a farar takarda ya liƙe da ƙaro. Shi kansa bai san abin da ke cikinsu ba.

"Ya akhi, ka ji tsoron Allah," in ji Abdulwahid. "Takarda ce. Uwarka ce a kwance."

"Na san ko wace ce a kwance. Ni nake juya ta in bayanta ya gaji."

"Gori za ka yi min?"

"Ba gori ba ne. Tambaya nake. Waɗannan mutanen ba su taɓa numfashi ba, babu mai yi musu sujada, suna cikin takarda, cikin akwati, an sa kwaɗo. Wa suka tare wa hanya?"

"Ni ba musu na zo yi ba. In akwai shakka, sai a bar abin shakkar."

"A bar shi, ba a yanka shi ba."

Abdulwahid ya cire marfin biron ya tako cikin ɗakin. Abdulghani bai tashi ba, sai ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan murfin akwatin. Bai taɓa ɗaga wa wansa murya ba, yau ma bai ɗaga ba.

"Fara da wuyana, Yaya."

Ƙanwarsu Saudatu ta leƙo, hannunta yana ƙamshin man zaitun da take shafa wa Inna. "Haram alaikum. Har cikin kunnenta take jin ku. Ta ce ku zo, ku biyun."

Hajiya Mastura ta ƙanƙance a kan katifa, amma idonta bai dushe ba. Ba ta iya karatu ba, ko na Larabci ko na boko. Sai dai shekaru da yawa, in Abdulghani ya dawo da waɗanda suka sha hannu don ya gyara, takan ja ɗaya ta bi hotunan da yatsa. Labari guda ne ya kama ta, na wata mata mai tuƙa jirgin ruwa, tana bin tashoshi tana neman ƙaninta da guguwa ta raba su. Ita ma Hajiya Mastura a jirgin ruwa ta ƙetaro daga tashar Sawakin zuwa Jidda tana yarinya, aka bar ƙaninta a can da zazzaɓi a hannun wasu mutanen Haɗeja, ba a sake jin labarinsa ba. Mujallar ta daina fitowa, kuma fitowarta ta ƙarshe guda ɗaya tak Abdulghani ya samu, rufaffiya. Bara da azumi ta roƙe shi ita. Ya ce, "Inna, wannan ba a buɗe ta." Ba ta sake tambaya ba.

"Abdulwahid, mene ne a hannunka?" ta ce.

"Biro ne, Inna." Ya durƙusa ya yi mata bayani a hankali.

Ta saurare shi har ya gama. "Wanda zai zo ɗaukata ba ya tsayawa a bakin ƙofa yana tambayar abin da ke cikin akwati."

"Na rahama nake nufi, Inna."

"Na gane. A gidan nan na yi sallolina, akwatunan suna can bayan bango. In sun shigo, alhamdu lillahi. In ba su shigo ba, Wanda ya aiko su Ya san inda nake kwance. Rufe bironka."

Abdulghani ya saki numfashi. Ta juyo da ido kansa.

"Kai kuma kada ka yi min wannan fuskar ta wanda ya ci shari'a. Shi ni yake ji wa tsoro. Kai wa kake ji wa? Takarda." Ta huta kaɗan. "Kawo min ita."

"Inna, wannan ai..."

"Ba a buɗe ta. Ka faɗa min. Ni kuma an kusa rufe ni. Yalla, maza, ina so in ga ko ta same shi."

Ya koma ɗakinsa ya buɗe kwaɗon. Ƙamshin kanumfari ya taso. Tana can ƙasa, a naɗe tun ranar da wani Basudane mai aikin jirgi ya miƙa masa ita a bakin tasha. A iya saninsa babu irinta a Jidda, wataƙila ma a Beirut ɗin babu. Ya daɗe yana riƙe da ita. Biron Yaya da wuƙar da Inna take nema abu ɗaya za su yi mata, da zarar sun taɓa ta ta fita daga cikin rufaffu har abada. To me ya sa ya miƙa wuyansa ga ɗaya? Ya ɗauki 'yar wuƙar da yake yanke zare da ita.

Abdulwahid yana tsaye a tsakanin ɗakunan biyu, ya sa biron a aljihu. Abdulghani ya tsaya a gabansa.

"Akwatunan suna nan inda suke, Yaya. Kuma ba layi."

"Allah Ya shirye ka."

"Amin. Mu duka."

Abdulghani ya zauna a bakin katifa ya ɓalle ƙaron. Launin bangon mujallar ya fito kamar yau aka buga shi, shuɗin teku da jan ɗankwalin matar. Ya zura wuƙa tsakanin shafukan farko ya ja. Ƙarar ba ta fi ta yage ganye ba, amma sai da Saudatu ta dube shi.

"Ba na gani daga kwance," in ji Hajiya Mastura. "Abdulwahid, zo ka ɗaga ni."

Abdulwahid ya zo ya zauna a bayanta, ya jingina ta da ƙirjinsa, ya juya fuskarsa ga bango. Ta miƙa hannu ta karɓi mujallar. Babban yatsanta, jiƙe da man zaitun, ya sauka a kan shuɗin tekun, tabon ya fara yaɗuwa. Abdulghani ya bi shi da ido.

"Ga ta nan," ta ce. "Ta rame. Me take faɗa a nan?"

Ya karanta mata da Larabci, ya mayar mata da Hausa. Ta gyaɗa kai, ta gama bin hotunan da yatsa har ƙasa.

"Gaba."

Sabuwar takardar ta manne da 'yar'uwarta. Ya gwada da farce, ta ƙi rabuwa. Inna tana jira, numfashinta yana fita da ƙyar. Abdulghani ya lashi yatsansa, ya juya shafin.