Direban Sabha

'Yardada turaren wuta take haɗawa a gidanta na Sheshe, sana'ar da kakarta ta zo da ita daga Borno. Ƙanenta Musa kuwa ya shekara goma sha ɗaya yana tuƙa babbar mota a Sabha, can ƙasar Libiya. Da yaƙi ya ci ƙasar ya dawo Kano daga shi sai rigar jikinsa, ta share masa ɗakin soro.

Bai fi wata huɗu da dawowa ba bama-bamai suka tashi a gari, wata ranar Juma'a. Daga nan unguwa ta canja. Masu sayen turare suka daina zama hira. Uwani maƙwabciyarta ta tambaye ta, kamar da wasa, “Wai ya aka yi ƙanen nan naki ya keto sahara lafiya, wasu ko gawarsu ba a gani ba?”

'Yardada ta ba ta amsa mai zafi, amma tambayar ta zauna mata a rai.

Sai ga wani baƙo ya fara zuwa bayan la'asar, dogon mutum mai tsafta, ba ya faɗin sunansa. Sallama kawai yake yi ya ce a kira masa direban Sabha. Duk ranar da ya zo Musa ba ya taɓa abinci. A zuwa na uku, baƙon yana fita ta shiga soron ta turo ƙofa.

“Wane ne wannan?”

“Abokin tafiya ne, Yaya.”

“Musa, ni na goye ka. Wane ne?”

Ya murza hularsa. Ya ce Turawa sun yi ruwan wuta ta sama sun koma gidajensu, suka bar rumbunan makamai a buɗe, kowa na ɗiba. Baƙar fata kuma duk inda aka gan shi sai a ce sojan haya ne. Sun yi ta neman hukumomin gida su kwashe su, shiru. Sai baƙon nan da mutanensa suka ce za su fitar da shi in zai tuƙa musu mota.

“Me ke cikin motar?”

“Akwatuna. Ban buɗe ba.”

“Ba ka buɗe ba, ko ba ka so ka sani ba?”

Ya kau da kai. Can ya ce yanzu wata tafiyar suke so ya yi musu.

Ta ce su je wurin mai unguwa. Ya ce wanda ya kai rahoto a bayan layinsu an bi shi har masallaci an kashe shi, jami'an tsaro kuma in suka ɗauke shi ba za ta sake ganinsa ba. Ta san ba ƙarya ya faɗa ba.

Washegari da hantsi ya ce zai tafi Ibadan wurin wani tsohon maigidansa. Ta raka shi har Ƙofar Mazugal, ta ga ya shiga mota.

Ranar ta zauna da ƙaryar da ta shirya wa baƙon, har magariba bai zo ba. Bai ƙara zuwa ba kuma, bai ko aiko ya tambayi inda Musa yake ba, kamar dai ya riga ya sani. Wannan ne ya fi damunta. Bayan sati biyu ta sami lambar maigidan na Ibadan ta rubuta a takarda. Takardar ta yi kwana tara a gefen murhunta ba ta kira ba.