Tagwayen Aro

Lado maƙaryaci ne, kuma tun da ya buɗe shagon kwamfuta a bakin tashar Rano ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba."

Wata safiya Ikilima ta zo daga Zurgu da hoton cikinta na fari, wanda aka ɗauka a asibiti, 'yar takarda mai santsi, har ta soma kodewa. So take a sa shi a waya a tura wa mijinta Mika'ilu, da ke sayar da albasa a Fatakwal.

"Malam Lado, a bi shi a hankali, shi kenan gare ni."

"Haba Hajiya, aikin minti biyu? Je ki kasuwa ki dawo."

Ya ɗora a na'ura, hoton ya fito dishi-dishi, ga alamar ninki. Sai dabara ta zo masa, ya ce bari ya liƙa wa takardar leda ta miƙe. Ita kuwa irin wannan takarda ba tawada a jikinta, zafi ne ke yi mata rubutu. Injin liƙa leda ya haɗiye ta, ya tofo ta baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Mutumin kirki zai ce ya yi ɓarna. Lado kwamfuta ya shiga, ya tono wani hoton ciki da aka taɓa kawo masa bara, ya yanke sunan, ya tura. A ganinsa ciki duk ciki ne. Da Ikilima ta dawo ya ce takardar ta maƙale a inji, sai mai gyara ya zo.

Ashe kawuna biyu ne a hoton. Mika'ilu ya nuna wa wani mai kemis, aka yi masa albishir da tagwaye. Nan take ya watsa a zauren WhatsApp na 'yan Rano, ana ta barka, har da masu neman takwara.

Sai Manu tela, wanda shi ya kai wa Lado hoton nan bara, ya yi magana a zauren: "Mika'ilu, waɗannan ai 'ya'yana ne. Ga su nan suna rarrafe, ɗaya ma yanzu ya kifar min da koko."

Kafin la'asar Lado na durƙushe gaban mai unguwa yana bayanin wai kwamfuta ce ta rikice. Ikilima ta ce a fito mata da takardarta. Ya fito da ita, kowa ya gani.

Mai unguwa ya sa shi ya mayar da ita asibiti a sake hoton, ya kuma hana shi karɓar takardar kowa a unguwar. Yanzu cajin waya yake yi.