Dubu da Dubu, Ɗari Biyar

Wilfredo ya juye gwangwanin resistoci, 'yan ƙananan kayan rediyo masu rage ƙarfin wuta, a kan teburin gyaransa yana tonawa da yatsa, tsohuwa Doña Migdalia kuwa ta tsaya masa a ka. Tsohon rediyonta mai batir ne a buɗe gabansa. Ƙarfe sha biyu jikarta Yusimí za ta yi waƙa a gidan rediyon Santiago, karon farko a rayuwarta, ga shi saura minti goma.

"Resista ɗaya ce ta ƙone, mai ɗari biyar," in ji shi. "Ba ni da irinta, amma ga masu dubu-dubu guda biyu."

"Dubu da dubu ai dubu biyu ne, ɗan nan. Shekara talatin ina koyar da lissafi, kar ka raina mini hankali."

"In na jera su ɗaya bayan ɗaya, gaskiyarki ne. Ni gefe da gefe zan haɗa su, wuta ta sami hanya biyu, su koma ɗari biyar. Kamar layin burodi ne, Doña. Ranar da aka buɗe tagar sayarwa biyu, ai rabin wahalar kike sha."

"Yaushe rabon da a buɗe taga biyu a garin nan?"

Ya kwashe da dariya, ya murɗe ƙafafun resistocin wuri guda. Yana jona ƙarfen dalmar da zai liƙe su da shi ke nan sai fanka ta tsaya cak. An ɗauke wuta!

"Shi ke nan," in ji tsohuwar, muryarta ta yi sanyi. Tausayinta ya kama shi.

Wilfredo ya ɗora resistocin a gurbinsu, ya danne da babban yatsa. "Kunna, mu gani."

Rediyo ya yi ƙaf-ƙaf, ya yi shuuu, sai ga muryar yarinyar tar, kamar a ɗakin take. Doña Migdalia ta zube a kujera ta rufe baki, hawaye na zuba. Maƙwabta suka cika ƙofa. Shi kuwa yana duƙe, ko tari bai isa ya yi ba, yatsa ya mutu, baya ya ƙage, amma daɗi ya cika shi.

Da waƙar ta ƙare ya sauke numfashi zai ɗaga hannu. Tsohuwar ta cafke masa wuyan hannu.

"Kul! Waƙa uku za ta yi."